Mai Haƙa Kaburburan Kivela Ya Shiga Gandun Daji

A garin Kivela, can ƙuryar arewacin Michigan, ba a binne kowa daga farkon Disamba har ƙarshen Afrilu. Ba wai mutane sun daina mutuwa ba ne, suna mutuwa abinsu kamar ko'ina. Ƙasa ce take daskarewa ta zama ƙarfe, in ka saukar mata da diga sai ta dawo maka da ita goshi. Saboda haka duk wanda ya cika a cikin sanyi, sai a yi masa addu'a a coci, a tura akwatinsa wani ɗakin dutse da ke bayan maƙabarta, ya zauna can sai Mayu. Ɗakin Jira ake ce wa wurin.

Reino Kangas shi ne mai haƙa kaburburan garin. Wurin ubansa ya gaji aikin, har da shebur ɗin. Dogo ne siriri mai manyan kunnuwa, na hagun sanyi ya gutsire masa baki tun yana ɗan makaranta. Ba ya zuwa coci sai in da gawa, kuma yana da wata ɗabi'a da ke sa mutane tsallaka titi in sun hango shi. In kuka gaisa, idonsa zai sauka daga kanka har tafin ƙafarka, ya ɗan motsa leɓe. Ya auna ka ke nan. Ba da mugun nufi yake yi ba, tela ma ba ya iya ganin mutum bai dubi kafaɗarsa ba.

Da yake aikinsa na wata bakwai ne a shekara, in sanyi ya shigo sai ya koma saran itace wa wani kamfanin katako. Haka ya yi ta yi har ya kai shekara hamsin da takwas, kamfanin ya tattara ya rufe. A shekarar ce Reino ya fara zaman gida, kuma a shekarar ce matarsa Bernice ta gane cewa aurensu na shekara talatin da huɗu ya yi ƙarko ne don ba sa yini tare.

Bernice gajera ce kakkaura. Ta yi shekara talatin tana dafa wa 'yan makarantar garin abinci, don haka babu irin fitinar da ba ta gani ba, amma ba ta taɓa ganin irin ta Reino ba. Ya wasa duk wuƙaƙen gidan, ya sake wasa su. Ya jera mata kwalaben kayan yaji bisa tsayi, dogo a baya gajere a gaba, har ta zuba kirfa a miyar kifi. In ta shiga ɗaki ya bi ta, in ta fito ya biyo ta, ba magana, sai tsayuwa a bayanta yana numfashi.

Wata Talata ta je gidan waya, ta ga takarda manne a bango. Gandun dajin jiha na Tafkin Sorsa yana neman masu aikin sa kai da za su riƙa yi wa baƙi jagora ranar Asabar, a zaga daji a ƙafa cikin dusar ƙanƙara. Nan take ta karɓi fom ta cika, ta sa hannu da sunan mijinta.

"Na samo maka aiki," in ji ta da ta dawo.

"Ina da aiki."

"Kana da aiki a Mayu. Yau sha huɗu ga Disamba. Ka ƙara wasa min wuƙa ɗaya a gidan nan, Reino, to da ita zan yi amfani, kuma kai ka fi kowa sanin ba mai binne ka sai ƙasa ta saki."

Ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskarta, ya ɗauki hularsa.

Shugabar gandun wata mace ce mai suna Marcia Dubinski, 'yar shekara talatin da 'yan kai, daga manyan biranen kudu aka turo ta, ta karanta ilimin daji a jami'a. A fom ɗin, wajen da aka ce a rubuta sana'a, Bernice ta rubuta "aikin ƙasa". Marcia ta ɗauka masanin noma ne ya yi ritaya, har ta ji daɗi. Ta ba shi koriyar rigar sanyi mai tambarin gandun, da usur, da wani littafi mai shafi arba'in wanda ke ɗauke da sunayen itatuwa da abin da ja-gaba zai faɗa a kowane zango. Reino ya karɓi rigar da murna, don ta fi tasa kauri. Littafin kuwa ya dace da ƙafar teburin cin abincinsu, wadda ta daɗe tana rawa.

Fitarsa ta farko ranar sabuwar shekara ce. Mutum goma sha tara suka hallara a bakin bukkar katako da ke mashigar daji, yawancinsu mutanen birni ne da suka zo hutu, kowa ya yi wa kansa alkawarin rage tumbi a sabuwar shekara. Aka ɗaura wa kowa takalman tafiya a dusar ƙanƙara, faffaɗa kamar faifai, suna ta tuntuɓe da ƙafafun junansu. Marcia ta gabatar da shi, ta ce ya ɗan yi musu jawabi.

Reino ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Sannan ya ce, "Sunana Reino. Shekara talatin da ɗaya ina raka mutane a garin nan, ba wanda ya taɓa dawowa ya yi ƙorafi. Ku ne na farko da aka ce lallai in dawo da su, don haka in an ga kuskure a yi haƙuri, ban saba ba."

Sai a lokacin Marcia ta tambayi wani ma'aikacinta a hankali wace irin ƙasa ce mutumin nan yake aiki da ita.

Suka shiga daji. Reino bai san sunan itace ko ɗaya na cikin littafi ba, amma ya san abin da ke ƙarƙashin kowanne. Ya tsaya a gindin wasu dogaye masu jan ɓawo, ya buga ƙafa.

"Nan yashi ne. Ƙasa mai mutunci. Awa biyu na gama, har in zauna in sha kofi." Ya nuna gangare inda wasu masu farin ɓawo suka taru. "Can kuwa laka ce da ruwa. Ko kyauta aka ba ku, kada ku yarda a sa ku a can."

Sawun dabbobi ma ya san su kamar rubutu. Ya nuna musu inda barewa ta kwana, ramin jikinta na nan a dusar ƙanƙara. Ya nuna inda zomo ya yi tsalle uku, sawun ya yanke a tsakiyar fili, gefe da gefe ga shatin fikafikan mujiya. Wata yarinya ta tambayi inda zomon ya tafi. Ya ce ya yi sama, kuma shi Reino ba a kira shi aikin binnewa ba.

Akwai wani mutum a cikinsu da ya sha kaya masu tsada tun daga kai har ƙafa, ja da ruwan lemo, yana ƙyalli, ga na'urori rataye ko'ina. Shi ne ya tambayi abin da za su yi in sun haɗu da kyarkeci.

"Kai dai kwantar da hankalinka, yallaɓai," in ji Reino. "Kyarkecin nan ba ya cin abin da ke cikin leda."

Ya dawo da su goma sha tara cif. Ranar Litinin Marcia ta kira shi ofis, ga wasiƙun ƙorafi biyu a gabanta.

"Malam Reino, wannan wurin gwamnati ne. Mutane suna zuwa ne su huta, su ga kyawun halitta."

"Ai sun gani."

"Ka gaya wa wata mata tsawonta da faɗinta a gaban jama'a."

"Ita ta ce ba ta yarda ina iyawa ba. Kuma ban yi kuskure ba, mijinta ya shaida."

Marcia ta dakatar da shi, ta koma yin jagorar da kanta. Ta iya aikinta, ba laifi, ta san sunan kowane tsiro da harshen Latin. Sai dai waya ta dame ta. Kullum sai wani ya bugo daga nesa yana tambayar wace Asabar ce ta mai kabari, don surukinsa ya ba shi labari. Bayan mako uku ta je gidansu da kanta, Bernice ta zuba mata kofi, aka yi sulhu bisa sharaɗi uku: ba zai auna kowa da baki ba sai wanda ya roƙa, ba zai yi zancen mutuwa gaban yara ba, kuma zai haddace sunayen itatuwa aƙalla uku. Ya haddace ukun, ya riƙa raba wa duk itatuwan gandun bi da bi.

A sanyinsa na uku ne a gandun Ardis Pelto ta fara zuwa.

Tsakaninsa da Ardis akwai tsohon labari. Yana ɗan shekara ashirin da biyu ya neme ta, suka yi wata shida yana raka ta gida daga wajen rawa. Ranar da ya fito da maganar aure, ta ce masa ba ta ƙi shi ba, amma ba za ta iya cin burodin da hannun mai haƙa kabari ya yanka ba. Ta auri Elmer Pelto mai shagon ƙusa da fenti, mutumin da ko gaisuwa sai ya auna kafin ya ba ka. Tun daga nan, kusan shekara arba'in, Reino da Ardis ba su wuce "ina kwana" ba.

Elmer ya mutu ran tara ga Janairu, a kan rufin gidansa, yana kwashe dusar ƙanƙara da kansa don ba zai biya wani ya yi ba. Reino ne ya tura akwatinsa Ɗakin Jira, ya kulle ƙofa. Mako biyu bayan haka ya zo bukkar mashiga da safe, ya tarar da Ardis tsaye cikin ƙaton kwat ɗin mijinta, hannayen rigar sun rufe mata yatsu.

"Ina kwana, Ardis."

"Lafiya. An ce kyauta ne."

"Kyauta ne."

"To ɗaura min abin nan, ban san gabansa da bayansa ba."

Da ya ba Bernice labari da yamma, ko ɗagowa ba ta yi daga ferar dankali ba. Ta ce, "In dai ta zo karɓarka ne, ka ce mata ta zo da mota, zan haɗa mata har da kayanka."

Ardis ba ta taɓa shiga dajin nan ba duk da a bakinsa aka haife ta. Kullum ita ce a ƙarshen layi, tana tafe tana mita. Hanya ta yi tsawo, itatuwan duk iri ɗaya ne, wane mai hankali ne zai bar ɗaki mai ɗumi ya zo kallon kashin barewa. Amma kowace Asabar ita ce farkon zuwa. Reino ya lura kwat ɗin yana ƙara yi mata yawa. Shi da ido ke auna mutane, ya san ba kwat ɗin ne ke girma ba.

Asabar ta biyar, a ƙarshen Fabrairu, suka nufi magangarar ruwa, mil biyu daga bukka. Ruwan ya daskare a tsaye yadda yake zubowa, ya zama bangon ƙanƙara shuɗi-shuɗi mai tsayin gidan sama. Mutum goma sha biyu ne ranar, Marcia ma tana ciki. Aka yi hotuna, aka sha kofi daga filas ɗin da Reino ke ja a bayansa cikin wani ɗan kwale-kwalen roba mai igiya, tare da barguna da akwatin magani. Wajen ƙarfe biyu sama ta fara haɗewa ta yamma, iska ta canja. Reino ya busa usur a juya.

Kowa ya tashi ban da Ardis. Tana zaune kan wani kututture, ta haɗa hannaye a cinya.

Reino ya je kusa da Marcia ya ce ta wuce da sauran, in ta isa ta dawo da babur ɗin ƙanƙara, shi zai taho da wannan a hankali. Marcia ta dubi Ardis, ta dube shi, ta kaɗa mutane suka tafi.

"Tashi mu tafi, Ardis."

"Ba inda za ni."

"Ƙafa ce?"

"Ba ƙafa ba ce. Na gaji ne kawai. Ka tafi abinka, nan ma wuri ne."

Ya tsuguna a gabanta. Leɓunanta sun fara canja launi, kuma wannan launi Reino ya san shi sarai, wurin aiki yake ganinsa. Duk shekarunsa da matattu bai taɓa zama kusa da wanda ke kan hanya ba, sai an gama ake kiransa.

"Yaushe rabonki da abinci?"

"Jiya, ina ji. Ko shekaranjiya." Sannan ta ce, "Gidan ne ya yi shiru, Reino. Shekara talatin da takwas mutumin nan yana bina ɗaki-ɗaki yana kashe fitila. Yanzu na kunna su duka, har ta bayan gida, ba wanda ya ce min uffan. Ka kai ni kusa da shi kawai, a huta."

Reino ya nemi irin maganar da fasto ke faɗa a irin wannan wuri, bai samu ko ɗaya ba, don in ana wa'azi a bakin kabari shi hankalinsa na kan igiyar saukar da akwati. Sai ya faɗi abin da ya sani.

"Ba wuri."

"Kamar yaya ba wuri?"

"Ɗakin Jira ya cika. Mutum bakwai ne a ciki, kantocin ɗora akwati kuwa takwas ne. Wadda ta rage kuwa ita ce ta ƙasa, daidai ƙarƙashin Hilma Rautio."

Ardis ta ɗago kai. Ita da Hilma Rautio sun yi shekara ashirin ba sa magana, tun ranar da Hilma ta ce a gaban matan coci wai kek ɗin Ardis na kanti ne.

"Ƙarya kake."

"Ni ke riƙe da makulli. Wata biyu da rabi kina kwance, Hilma na samanki. In kin ga za ki iya, bisimilla."

Ta gyara zama. Reino ya zuba kofi a murfin filas ya ɗora mata a hannu, ya ciro ƙunshin da Bernice ta sa masa a aljihu, burodi mai nama da dankali a ciki, da sauran ɗuminsa. Ya ajiye mata a cinya bai ce ta ci ba.

"Sannan akwai maganar filin," in ji shi. "Kin taɓa zuwa kin ga wurin da Elmer ya saya muku?"

"Kan tudu ne. Ana hango tafki."

"Ana hangowa, in mutum na tsaye. Dutse ne zalla, Ardis. Tun zamanin ubana ba wanda ya yarda ya saya. Elmer ya zo ya yi ta ciniki har aka bar masa a rabin kuɗi. Nasa kaɗai in na haƙa ban mutu ba na gode Allah. Biyu kam ba zan yi ba, sai dai ki nemi wani."

"Rabin kuɗi?"

"Har da ragin awo."

"Ce min ya yi shi ne mafi tsada a duk maƙabartar. Shekarar ce ma ya hana ni sayen injin wanki." Muryarta ta fara dawowa. "Shekara shida ina wanki da hannu, Reino. Cikin sanyin nan."

Ta ɗauki burodin ta gatsa, kamar kunnen Elmer take cizo. Tana ci tana zaginsa, daga shi ta koma kan uwarsa da ƙannensa mata, hawaye na zuba suna daskarewa a kumatunta. Reino ya bar ta sai da ta cinye tas. Da ta yunƙura za ta tashi, ƙafafun suka ƙi, ba ta jin su daga idon sawu zuwa ƙasa. Dusar ƙanƙara kuma ta fara sauka.

Ya kwashe kayan kwale-kwalen, ya shimfiɗa bargo, ya ɗauke ta cak ya kwantar, ya lulluɓe ta har wuya, ya ɗaura igiya a ƙugunsa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Don kada ta yi barci ya riƙa tsokanarta.

"Yau ne karo na farko da kayana ke magana."

"Ka bi ta hagu, kana buga ni da saiwa."

"Sauran ba sa ƙorafi."

"Sauran ba su san ka ba ne. Kuma burodin nan gishiri ya yi masa yawa, ka gaya wa Bernice."

"Ni na yanka shi da hannuna, in kina son sani."

Ta yi shiru har ya juyo da sauri ya duba. Idonta biyu. Ta ce, "Na sani. Ja mu tafi."

Ya ja ta fiye da mil ɗaya kafin su ji ƙarar babur ɗin Marcia. A asibitin gari aka ce ta tsira, sai dai kan ɗan ƙaramin yatsan ƙafa da aka yanke. Reino kuwa ya kwana uku bai iya miƙe bayansa ba, Bernice tana shafa masa man zafi tana cewa tsoho da shi ya je yana jan 'yan mata a daji. Amma ita ce ta dafa miya ta kai wa Ardis ranar da aka sallame ta, ta sake kaiwa washegari, daga nan ta riƙa jan ta zuwa wajen karta na matan unguwa duk Laraba. A can ne Ardis ta dube ta wata rana ta ce, "Allah ya saka miki, Bernice. Ashe babban kaya kika ɗauke min."

"Kin gani ko? Shekara talatin da shida ba wanda ya ce min sannu."

Da Mayu ta zo, ƙasa ta saki, Reino ya bar kabarin Elmer a ƙarshe. Kwana biyu da rabi ya yi a kansa da diga da ƙarfen ɓanɓara dutse, ƙotar shebur ɗin ubansa ta karye a rana ta biyu. Ardis ta kawo kujera ta zauna a bakin ramin da filas ɗin kofi, tana nuna masa inda bai miƙe ba. Bayan an binne Elmer ta je wurin dattawan coci ta sayi nata filin daban, can ƙasa cikin yashi. Ta ce daga nan ma tana hango shi, ya isa.

Da sanyi ya dawo ita ma ta cika fom. Marcia ta ba ta koriyar riga daidai jikinta, aka sa ta a ƙarshen layi, aikinta ta tabbatar ba a bar kowa a baya ba. Aikin ya dace da ita. Duk wanda ya ce ya gaji zai zauna, sai ta tsaya a kansa ta yi ta mita har ya ga tafiyar ta fi sauƙi. Haka suka yi shekara shida, shi a gaba yana yi wa ƙasa maki, ita a baya tana kora. A cikin shekarun nan ne coci ta sayi motar haƙa, aikin Reino a maƙabarta ya koma gyaran gefuna da shebur, da tsayawa yana gaya wa direba cewa bai iya ba.

A sanyi na tara, wata Asabar da rana ta fito tas, hasken dusar ƙanƙara na kashe ido, Reino ya ɓace hanya da mutum goma sha huɗu a bayansa. Ya daɗe yana ganin duniya kamar ta cikin gilashin da aka yi wa huci, bai gaya wa kowa ba, da ƙafa da sabo yake tafiya. Ranar an sare wani itace da yake kwatance da shi. Ya wuce mararraba bai sani ba, sai da ya ji ƙasa na gangarawa inda ya kamata ta hau. Ya tsaya, ya ce wa jama'a yau sun yi sa'a, hanya ce ta musamman da ba a kai kowa. Suka yi ta murna suna ɗaukar hoto.

Ardis ta taho daga baya ta tsaya gefensa, kamar mai gyara igiyar takalmi.

"Ba ka san inda muke ba," in ji ta ƙasa-ƙasa.

"Na sani. Muna cikin gandu."

"Yatsu nawa na ɗaga?"

Ya kau da kai.

"Ce musu a juya, na baya ya zama na gaba. Ka ce al'ada ce."

Haka ya faɗa musu, wai al'adar mutanen Kivela ce tun kaka da kakanni. Ardis ta bi sawunsu ta fitar da su, Reino na ƙarshen layi yana bin jar hular wanda ke gabansa. Ba wanda ya gane. Amma da suka isa bukka, bayan baƙi sun watse, ya ciro usur daga wuyansa ya ajiye wa Marcia a tebur, ya gaya mata gaskiya. Marcia ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce akwai murhun bukka da ke buƙatar mai kula da shi, da takalma da ke buƙatar mai ɗaura wa baƙi, in yana so. Ya ce zai yi shawara.

Likita ya duba ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, aikin rabin awa ne, da ya zo tun shekara biyar da suka wuce da an huta. Bernice ta tuƙa shi zuwa babban asibiti, ta dawo da shi da bandeji. Washegari da safe aka cire a gida, yana zaune a kicin. Ya ƙyafta ido, ya dubi taga, ya dubi hannayensa, ya juya ya dubi bango ya daɗe.

"Wa ya yi wa kicin ɗin nan fenti ruwan ɗorawa?"

"Ni," in ji Bernice. "Shekara huɗu ke nan."

"Bai yi kyau ba."

"Da kake makaho ka ce ya yi."

Ya juyo ya ƙare mata kallo, ya buɗe baki zai yi magana. Ta ɗaga ludayin da ke hannunta, ta ce ya yi tunani tukuna. Ya yi tunani, ya ce kofin ya yi daɗi.

Asabar ta gaba ya koma gandu, ya karɓi aikin murhu. Yana nan har yanzu, shekararsa saba'in da biyar, yana zuba itace a wuta yana ɗaura wa mutanen birni takalma. Wata yarinya da ta gama jami'a ce ke jagora a gaba, ta san sunan kowane itace, kuma Reino ya yarda ta iya, ko da yake bai taɓa faɗa a gabanta ba.